RA'AYINMU: Tauraron Ɗan Adam Da Masu Neman Dukiya A Cikin Kogon Dutse

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, akwai wata tambaya da ta daɗe tana zuwa mana ta bakin matasa a majalisun karatu, har muka ga ya wajaba mu keɓe mata wannan shafi. Abin da ya jawo ta kuwa shi ne wasu hotuna da faya-fayan bidiyo da ake ta turawa a wayoyin hannu. Za ka ga an nuna tsauni daga sama, an zagaye wani baƙin ɗigo da jan layi, sannan wata murya tana bayani cikin natsuwa cewa tauraron ɗan Adam ne ya hango bakin wani kogo, kuma a cikin kogon akwai tukwanen zinariya da mutanen dā suka ɓoye. Daga ƙarshe sai a ce mai son cikakkiyar taswira ya turo kuɗi kaza, ko kuma ya shiga haɗin guiwa da abin da ya sawwaƙa, idan an haƙo a raba da shi. Matasan nan suna tambaya: shin ya halatta Musulmi ya sa kuɗinsa da ƙarfinsa cikin wannan harka? Kuma idan an dace an samu, mene ne hukuncin abin da aka samu?

Malaman usulu suna da wata ƙa'ida cewa yanke hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar haƙiƙaninsa. Saboda haka kafin mu buɗe littattafan fiƙihu, bari mu fara sanin abin da wannan na'ura take iya gani da abin da ya fi ƙarfinta, domin a nan ne ake yaudarar mutane.

Tauraron ɗan Adam mai ɗaukar hoton ƙasa, alal haƙiƙa, kyamara ce da ke kewaya duniya daga nisan ɗaruruwan kilomitoci. Na farko a jerin Landsat, wanda Amurka ta harba a 1972, kowane ɗigo guda na hotonsa yana wakiltar fili mai faɗin kusan mita 80, wato gida da makwabtansa duka ɗigo ɗaya ne. NigeriaSat-1 da Nijeriya ta mallaka a 2003 ɗigonsa mita 32 ne, NigeriaSat-2 na 2011 kuwa mita biyu da rabi. WorldView-3 da aka harba a 2014, wanda yana cikin mafi kaifin gani da ake sayar da hotunansu ga jama'a, ɗigonsa kimanin santimita 30 ne. To mai karatu ya auna da hankalinsa. Tukunyar da aka ajiye a sarari, a tsakiyar rana, ba ciyawa ba inuwa, iyakarta ta fito ɗigo ɗaya ko biyu a cikin mafi kyawun hoton da kuɗi zai saya. Ina kuma ga wadda ke ƙarƙashin gaba goma na dutse? Daɗin daɗawa, hotunan Google Earth, manhajar da ta fito a 2005 wadda kuma ita ce jarin yawancin masu wannan da'awa, ba gani ne na kai tsaye ba. Tsofaffin hotuna ne da aka harhaɗa, wasu sun yi watanni wasu shekaru, wasunsu ma jirgin sama ne ya ɗauka.

Za a ce mana ai akwai na'urar rada mai ratsa ƙasa. Gaskiya ne, kuma labarinta abin sha'awa ne. A 1981 kumbon Columbia ya ɗauki irin wannan na'ura ya bi ta saman Saharar da ke tsakanin Masar da Sudan, sai ga hanyoyin tsofaffin koguna sun bayyana a ƙarƙashin yashi, alhali ido ba ya ganin komai a wurin sai rairayi. Amma sharaɗin wannan gani shi ne yashi ya kasance busasshe ƙamas, kuma ko da hakan 'yan mitoci kaɗan take shiga. Da zarar ta gamu da danshi ko dutse mai ƙarfi, to ta tsaya ke nan. Su ma masana ma'adinai da ke amfani da hotunan tauraro wajen neman zinariya, abin da suke dubawa shi ne launin ƙasa da tsagar duwatsu da irin yumɓun da kan raka jijiyar ma'adini. Wannan alama ce kawai ta inda ya kamata a je a duba, daga nan sai ɗibar samfuri, da awo a ɗakin gwaji, da huda ƙasa, aikin da kan ɗauki shekaru kuma sau da yawa a tashi a tutar babu. Babu wani tauraro a sararin sama da ke gane zinariya a cikin tukunya. Duk wanda ya ce yana da shi, maƙaryaci ne.

Shi kansa kogo yana da wuyar gani daga sama, domin bakinsa galibi a jikin bangon dutse yake, yana fuskantar gefe, ita kuwa kyamara daga bisa take leƙowa. Baƙin ɗigon da ake zagayewa da jan layi sau da yawa inuwar dutse ce ko kan bishiya. Inda aka yi nasara, da ilimi da tafiyar ƙafa aka yi ta. A 2008 wani malamin jami'a a Afirka ta Kudu, Lee Berger, ya yi amfani da Google Earth wajen neman kogwanni a yankin da ke kusa da Johannesburg. Ya lura cewa wasu irin itatuwa suna son tsirowa a bakin kogo saboda laima da kariya daga gobarar daji, sai ya riƙa bin dandazon itatuwan a hoto, sannan ya taka da ƙafarsa ya duba ɗaya bayan ɗaya. Ta haka ya gano ɗaruruwan wuraren da ba a rubuta su ba a da. Abin da ya samu a ciki tsofaffin ƙasusuwa ne da masana suke nazari, babu ko ƙwayar zinariya.

Amma ƙissar da ta fi cancantar Musulmi ya tsaya a kanta ita ce ta Ubar. A farkon shekarun 1980 wani Ba'amurke mai shirya finafinai, Nicholas Clapp, ya shiga neman wani birni da labaran Larabawa ke cewa yashi ya haɗiye a kudancin tsibirin Larabawa, birnin da wasu ke dangantawa da Iramu ta Adawa da Allah Ya ambata a cikin Suratul Fajri. Ya nemi taimakon hukumar sararin samaniya ta Amurka, aka yi amfani da hoton rada da kumbon Challenger ya ɗauka a 1984, tare da hotunan wasu taurari. Hotunan ba su nuna birni ba. Abin da suka nuna shi ne sawun tsofaffin hanyoyin fatake, inda ƙafafun raƙuma suka daddage ƙasa tsawon ƙarnoni, kuma aka ga hanyoyin suna haɗuwa a wata rijiya da ake kira Shisr a yankin Zufar na ƙasar Oman. Aka je aka haƙa tare da masanin kufai Juris Zarins, aka sanar da sakamako a farkon 1992. Sun tarar da ganuwa mai hasumiyoyi, da fasassun tukwane, da alamun cinikin turaren lubban. Sun kuma tarar cewa an gina ganuwar ne a kan wani babban kogo na ƙarƙashin ƙasa, wanda rufinsa ya rufta ya tafi da wani sashe na ginin. Jaridun duniya suka yi ta yayatawa cewa an gano Iramu, har wasu masu wa'azi suka ɗauka suka hau mumbari da shi. Masana da yawa ba su yarda da wannan danganta ba, kuma mu ma muna jan kunnen 'yan'uwa game da gaggawar ɗaura ayar Alƙur'ani a wuyan kowane labarin jarida, domin idan labarin ya faɗi gobe, mai raunin imani zai zaci ayar ce ta faɗi. Abin lura a nan shi ne, wannan bincike da aka haɗa kumbo da ƙwararru da kuɗi masu yawa, iyakar abin da ya fito da shi zangon fatake ne da tarihin mutanensa.

To daga ina aka samo labarin cewa Iramu birni ne na zinariya? Akwai wata hikaya da ta shiga wasu littattafan tafsiri, cewa wani mutum mai suna Abdullahi bin Ƙilaba ya fita neman raƙumansa da suka ɓace a dajin Adan a zamanin Mu'awiya (R.A.), sai ya faɗa cikin wani birni da aka gina da tubalin zinariya da azurfa, tsakuwarsa lu'ulu'u ce, ƙasarsa almiski. Alhafiz Ibnu Kasir, wanda ya rasu a shekara ta 774 bayan Hijira, ya kawo wannan hikaya a tafsirinsa na Suratul Fajri domin ya rushe ta. Ya bayyana cewa isnadinta bai inganta ba, kuma Iramu sunan ƙabila ce. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a daidai wannan wuri malamin ya juya kan masu neman dukiyar ƙarƙashin ƙasa na zamaninsa. Ya siffanta su da jahilai da makwaɗaita da 'yan dabara, masu cewa akwai tarin zinariya da yaƙutu a ƙasa amma an ɗaure shi da tsari, sai su yi ta cin dukiyar mawadata da wawaye da sunan sayen turare da magungunan kwance tsarin. Bai musanta cewa akwai dukiyoyin da mutanen dā suka binne ba, kuma ya faɗi cewa wanda ya dace da su yana iya ɗauka. Abin da ya ƙaryata shi ne wannan siffa da 'yan damfara ke bayarwa. Yau fiye da shekara ɗari shida ke nan da wannan magana, amma kai ka ce jiya ya saurari saƙon WhatsApp.

Ibnu Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya ma fi zurfafawa. A cikin Muƙaddima ya ware fasali guda domin tabbatar da cewa neman arziki ta hanyar tonon binnanniyar dukiya ba ya cikin hanyoyin neman abinci na ɗabi'a. Ya ba da labarin wasu almajirai a ƙasashen Magrib da suka kasa yin sana'a, sai su riƙa zuwa wurin masu hali da tsofaffin takardu masu cinyayyen gefe, ɗauke da baƙin rubutu, suna cewa wasiyyar masu dukiyar ce da ke nuna inda aka binne ta. Sai su ce suna buƙatar abokin tarayya mai faɗa a ji saboda tsoron hukuma, a yi ta haƙa cikin dare a ɓoye, idan ba a samu komai ba a ce an jahilci tsarin da aka ɗaure dukiyar da shi. Hujjar da ya kafa a kansu mai sauƙi ce kuma har yau ba a amsa ta ba. Wanda ya wahala ya ɓoye dukiyarsa, ya ɓoye ta ne domin kansa da magadansa, to me zai sa ya rubuta takardar da za ta jagoranci baƙon da bai sani ba zuwa gare ta? Ya kuma ce dukiyar al'ummomin da suka shuɗe ba ta nutse cikin ƙasa ba, hannu ta sauya, daga daula zuwa daula, ta hanyar ciniki da yaƙi da gado. Ya ware Masar, inda mutanen dā ke binne mamatansu da kayan alatu, shi ya sa tonon kaburbura ya zama sana'a a can har hukuma ta riƙa karɓar haraji a kai. Shi ma Hasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, mutumin da ya siffanta Kano da Katsina a ƙarni na 16, ya ambaci wata ƙungiya a birnin Fas da ba ta da aiki sai neman dukiyar da suke zaton Rumawa sun bari, suna rurrushe tsofaffin gine-gine a banza.

Mu a tamu fahimtar, tsohuwar takardar nan mai cinyayyen gefe ita ce ta rikiɗe ta zama hoton tauraron ɗan Adam. Ɗan duba na dā yana share yashi ya buga ƙasa, na yau yana shafa fuskar waya. Na dā yana fakewa da baƙin rubutun da abokin huldarsa ba ya iya karantawa, na yau yana fakewa da kimiyyar da abokin huldarsa bai karanta ba. Har ma ya fi na dā haɗari ta fuska guda: matashin da ya yi karatun tauhidi, wanda ba zai taɓa zama gaban boka ba, yana iya sakin jiki da wannan domin yana ganin ai ilimin zamani ne. Sai an yi nisa, an haƙa ba a ga komai ba, sannan za a ce masa wurin yana da masu gadi, sai an kawo malami mai turare, sai an yanka baƙin bunsuru a bakin ramin. A nan ne hasarar kuɗi take komawa hasarar addini, wal'iyazu billahi. Yanka domin neman yardar aljani shirka ce da Manzon Allah (S.A.W.) ya la'anci mai yin ta, kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Jaridun Maroko da Aljeriya sun sha kawo rahoton sace yaran da ake kira zuhri, masu wani layi da ya ratsa tafin hannunsu, saboda camfin cewa da jininsu ake buɗe taskar da aljanu ke tsaro. Ga inda hanyar take kaiwa idan aka bi ta har ƙarshe.

Haka nan a yi hattara da na'urorin da ake tallatawa cewa suna nuna zinariya daga nisan kilomitoci. Na'urar gano ƙarfe ta gaskiya, irin wadda masu neman gwal suka kwasa zuwa Jado a arewacin Nijar a 2014, tana jin ƙarfen da ke kusa da fuskar ƙasa ne kawai. Mai sandar da ke juyawa da kanta kuwa 'yar'uwar ADE 651 ce, na'urar bogi da aka sayar wa gwamnatin Iraƙi da sunan gano bama-bamai a kan miliyoyin daloli, wadda kotun Ingila ta ɗaure mai ita, James McCormick, shekara 10 a 2013. Idan gwamnati sukutum ta faɗa wannan rami, ɗan kasuwar da ya sayar da shagonsa ya sayi irinta ba shi ne farkon wanda aka yi wa ba.

Wani zai ce, to idan dukiyar tabbas tana nan fa? Akwai misali guda da aka tabbatar. A 2010 wani dillalin kayan tarihi a jihar New Mexico ta Amurka, Forrest Fenn, ya sanar cewa ya ɓoye akwatin tagulla cike da zinariya da duwatsu masu daraja a cikin tsaunukan Rocky, ya kuma wallafa wasu baitoci da ke nuni zuwa wurin. Dubun dubatan mutane suka duƙufa, da yawansu suna kwana a gaban Google Earth suna auna kwazazzabai. Wasu suka bar aikinsu, wasu suka ƙarar da ajiyarsu, mutum biyar suka mutu a cikin ruwa da duwatsu da sanyi, wani kuma aka ɗaure shi saboda tonon maƙabarta a gandun Yellowstone. Sai a watan Yuni na 2020 wani ɗalibin likitanci ya samu akwatin a jihar Wyoming, bayan ya yi ta komawa wurin yana bincike da ƙafarsa. Da aka yi gwanjon kayan a 2022, kimanin dala miliyan 1.3 suka kama. Wannan a ƙasar da ta fi kowace yawan taurari da kyawun taswira ke nan, kuma a kan dukiyar da mai ita yana raye yana ba da alamu. Shekara goma hoton sama bai nuna wa kowa ita ba.

Abin da hoton sama ya nuna a sarari shi ne ɓarnar masu tonon. Wanda ya kwatanta hoton tsohon birnin Afamiya na Siriya na watan Yuli 2011 da na watan Afrilu 2012 zai ga fili lafiyayye ya koma kamar fuskar mai zanzana, ramuka dubbai, cikin wata tara kacal. A ƙasar Jodan an yi ta tone ƙarƙashin tashoshin layin dogon Hijaz, wanda Sarkin Musulmi Abdulhamid na Biyu ya shimfiɗa daga Dimashƙa zuwa Madina tsakanin 1900 da 1908 domin sauƙaƙa wa mahajjata, saboda jita-jitar cewa sojojin Usmaniyya sun binne zinariya a nan lokacin da suke ja da baya. A Sudan, a 2020, masu neman gwal suka shiga Jabal Maraga a hamadar Bayuda da motocin haƙa, suka yi rami mai zurfin mita 17, suka shafe wani mazauni mai shekara kusan dubu biyu. Abin da ya sa na'urarsu ƙara kuwa wani dutse ne mai ƙyalli da ake kira fairait, wanda ba shi da wata daraja. Mu ma nan ba baƙi ba ne ga wannan: a shekarun 1990 an wawashe kufan Nok da na yankin Kwatarkwashi da na Bura a Nijar, manoma suka haƙa aka ba su na goro, dillalan Turai suka kwashe ribar.

Sai kuma masu jingina wannan kwaɗayi da hadisi. Ya inganta a Buhari da Muslim cewa kafin tashin Alƙiyama kogin Furat zai janye ya bayyana dutsen zinariya. Da aka ga bidiyon mutane suna wawar wani tudu a Luhihi ta gabashin Kwango a 2021, sai aka ce ga shi nan ya bayyana, alhali tsakanin Kwango da Furat akwai tafiyar dubban kilomitoci. Ko da a ce shi ne, ai hadisin gargaɗi ne: ya faɗi cewa za a yi kashe-kashe a kansa har mutum 99 cikin 100 su halaka, kuma ya hana wanda ya halarci wurin ɗaukar komai daga ciki. Yaya za a mai da nassin hani ya zama takardar gayyata?

Yanzu sai hukunci. Shari'a ta san dukiyar da aka binne, tana kiranta rikazi, kuma ya tabbata cewa a cikinta akwai humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar. Amma Imamu Malik (Allah Ya yi masa rahama) ya fayyace a cikin Muwaɗɗa cewa rikazi shi ne abin da aka tarar daga binnewar mutanen jahiliyya ba tare da an kashe dukiya ko an sha babbar wahala wajen nemansa ba. Wanda aka nema da kuɗi da aiki mai yawa, wani lokaci a dace wani lokaci a rasa, shi bai kira shi rikazi ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa a idon magabata rikazi arziki ne da ke faɗo wa manomi yana huɗa ko magini yana haƙa harsashi, ba su ɗauke shi sana'ar da ake kafa kamfani a kanta ba. Sannan malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa ragowar kashi huɗun na mai ƙasar ne idan ƙasar tana da mai ita, saboda haka wanda ya lallaɓa cikin dare ya tona gonar wani ko filin hukuma ba shi da abin da zai kira nasa. Sun kuma karhanta tonon kaburburan jahiliyya domin neman dukiya. Kabarin Musulmi kuwa ba a ma maganarsa, alfarmarsa yana matacce kamar alfarmarsa ce yana raye. Idan kuma abin da aka samu yana ɗauke da alamar Musulunci, kamar kalmar shahada ko sunan wani sarkin Musulmi, to ya fita daga babin rikazi ya shiga babin tsintuwa, sai a yi cigiyarsa shekara guda. Duk zinariyar Usmaniyyan da ake mafarki, ko da ta tabbata, nan ta faɗa. Ma'adinin da Allah Ya halitta a cikin ƙasa shi kuma, a mazhabar Malik, al'amarinsa yana hannun shugaba ne ya tsara shi bisa maslahar jama'a, kuma dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta sanya mallakarsa a hannun gwamnatin tarayya.

Sayen taswirar da ake cewa tana nuna taska kuwa, ciniki ne na garari tsantsa, domin mai saye yana ba da kuɗi tabbatacce a kan abin da ba a san samuwarsa ba balle yawansa, mai sayarwa kuma yana cin dukiyar mutane da ƙarya. Haka zuba kuɗi a haɗin guiwar da ba ta da jari sai wannan taswira. Tambaya ɗaya ta isa a yi wa mai tallar: idan ka san inda tukunyar zinariya take, me kake nema da naira dubu hamsin ɗina?

Kada a fahimce mu cewa muna ƙyamar wannan ilimi. Muna ma jin zafin yadda aka bar mu a baya a cikinsa. Dakta Faruƙ Albaz, Bamisire da ya yi aiki a shirin Apollo na zuwa duniyar wata, ya yi amfani da hotunan rada wajen bin sawun matattun kogunan Sahara, ya nuna inda ake sa ran ruwa na kwance a ƙarƙashinsu, kuma a yankin Uwainat ta Gabas da ke kudu maso yammacin Masar an haƙa rijiyoyi ana noman alkama a tsakiyar hamada. A 2007 shi da abokan aikinsa suka gano gurbin wani ƙaton tsohon tafki a arewacin Darfur. Da irin waɗannan hotuna ne ake auna ja da bayan Tafkin Cadi, da gurgusowar hamada, da inda ambaliya za ta bi. A Saudiyya, Farfesa David Kennedy na wata jami'a a Ostareliya ya ƙirga kusan 400 na wasu tsofaffin gine-ginen duwatsu a yankin Haibar daga Google Earth, ya sanar a 2017, wuraren da Musulmi ke wucewa kusa da su shekara da shekaru ba su rubuta su ba. Alƙur'ani ya umurce mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi ƙarshen waɗanda suka gabace mu, kuma lokacin da Manzon Allah (S.A.W.) ya bi ta Hijir, gidajen Samudawa da aka sassaƙa cikin duwatsu, a hanyarsa ta zuwa Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira, ya hana sahabbai shiga sai suna masu kuka, ya rufe kansa ya gaggauta tafiya.  Matashin da Allah Ya ba basirar karanta hoton tauraro, ga jami'o'inmu nan suna koyar da ilimin ƙasa da safiyo da taswira, ga garuruwa birjik a Yobe da Damagaram da mata ke tafiyar sa'o'i neman ruwa.

Muna kira ga limamai da malaman makarantun Islamiyya su karantar da babin rikazi da na tsintuwa a wannan wata, tare da bayanin da muka gabatar game da iyakar ganin na'urar, domin wa'azin da bai san abin da yake hani a kansa ba ba ya kama zuciyar ɗan boko. Shugabannin rassa kuma su sa ido kan duk wani tarin kuɗi da ake yi a tsakanin 'yan'uwa da sunan haƙo taska, su tsayar da shi tun kafin ya kai ga yanka. Wanda ya riga ya karɓi kuɗin mutane a kan haka, ya mayar wa masu shi. Wanda kuma Allah Ya nufa ya ci karo da wani tsohon abu a gonarsa ko wurin gini, tukunya ce ko tsabar kuɗin dā ko sassaƙe, kada ya fasa, kada ya narkar, kada ya kira dillali. Ya bar shi a inda yake, ya sanar da mai unguwa da malamin da ya san hukunci, sannan a kai labari ga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda doka ta ɗora wa kula da irin waɗannan kaya tun 1979.